Ka Ce Duniya Ta Tsaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Ubangiji ya karɓi ran yayana, malamin labarin ƙasa, wanda ɗalibansa suka fi sani da Malam Ƙwallo. Ya rasu a gadon asibiti bayan jinyar wata huɗu, yana da shekara hamsin da takwas. Ya bar mata da 'ya'ya uku, da tsohuwar mahaifiya, da ni ƙanwarsa da yake kira Auta har furfura ta fito mini. An yi jana'iza, baƙi sun watse, an mayar da kujerun aro. Yaya, sai yanzu na samu wurin zama in yi maka magana, kuma maganar da na zo da ita ta fi ƙarfina.

Wanda bai san ka ba zai zaci ɗan wasa ne kai, alhali ko gwangwani ba ka iya shura daidai ba. Sunan ya samo asali daga ƙwallon nan mai taswirar duniya da kake rungumewa daga aji zuwa aji shekara talatin, har fentin wasu ƙasashen ya koɗe saboda yatsanka. Ni ce ɗalibarka ta farko. Ina 'yar shekara tara ka rufe tagogin ɗaki, ka ba ni tocila ka ce ni ce rana, ka soke lemo da tsinke kana juya shi a gabana, kana nuna mini yadda gari ke wayewa a wani gefe yana duhu a wani. Da muka gama ka ɓare duniyar, ka ba ni rabi mafi girma. Haka kake a komai. Kai ka sayo mini keken ɗinkin da nake cin abinci da shi har yau, ka ɗauko shi a ka tun daga bakin titi, ka ce ai kan malami ya saba da kaya.

A makaranta ma ba ka canza ba. Ranar jana'iza wani direban babbar mota ya tsaya a gabana yana share hawaye da hularsa. Ya ce shi ne daƙiƙin ajin da ka koyar, sau biyu yana maimaita aji, amma ba ka taɓa kiransa da wannan suna ba. Kullum bayan an tashi sai ka zaunar da shi kuna bin hanyoyi a taswira da yatsa, har ya gane cewa akwai abin da kansa yake kamawa.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninka da Mama, kuma shi ne ya hana ni barci. Bayan rasuwar Baba, Mama ta koma wata ƙaramar majami'a a ƙarshen layinmu, inda ta samu masu riƙe ta a lokacin kuka. Ba zan zage su ba, sun yi mata alheri. Amma mai wa'azinsu yana koyar da cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu, kafaffiya, rana ce ke tafiya a kanta. Ya ce haka yake a rubuce, kuma wanda ya ce ƙasa tana juyawa ya ƙaryata Maganar Allah, wanda ya ƙaryata ta kuwa ba shi da rabo a ceto. Mama ta dawo gida ta dubi ɗanta na fari, ta ga mutumin da yake cin abinci da koyar da abin da zai kai shi wuta.

Da farko kun mai da abin raha. Takan ce in da gaske tana juyawa, me ya sa ƙofar ɗakinta ba ta taɓa wayar gari tana kallon yamma ba? Kai kuma ka ce ai ita ce kullum take faɗin duniya juyi-juyi. Ta ce wannan dabam, kada ka raina mata hankali. Daga baya dariyar ta ƙare. Na sha ganin ta durƙushe a gefen gado tana ambaton sunanka da kuka. Ka zauna da ita ba sau ɗaya ba, ka ce, "Mama, ɓarawon da aka gicciye kusa da Mai Ceto, ba wanda ya tambaye shi siffar ƙasa. Jinin Almasihu ne ya fanshe ni, ba taswira ba." Ta ce bakinka ya fi nata kaifi, amma rubutu rubutu ne.

Duk da haka, shekara tara, kowace Lahadi kai ne kake ɗaukar ta a babur zuwa wannan majami'a, domin ƙafafunta sun gaza. Kakan taimaka mata ta hau matakala uku na ƙofar, sannan ka koma jikin katanga ka zauna kana gyaran takardun ɗalibai, lasifika tana yi maka wa'azi a kanka. Sai ta fito ka mayar da ita gida, kana ka ruga sujada ta biyu a taku majami'ar a makare. Na taɓa ce maka wannan ai wulaƙanci ne, ka ce uwa ba ta wulaƙanta ɗa, tsoro ne kawai ya yi mata yawa.

Sai ciwon ya zo. Likita ya ce ƙari ne a cikin kai, kuma alamarsa mafi muni ita ce hajijiya. Wata huɗu kana riƙe da ƙarfen gado da hannu biyu, ɗaki yana wulwulawa da kai, ko ruwa ka sha sai ya dawo. A cikin wannan azaba ma sai da ka ce mini shekara talatin kana faɗa wa yara duniya tana juyawa, yanzu ne ta ga dama ta nuna maka. Safiyar Talatar nan, bayan an yi maka wata allura, na ga yatsunka sun saki ƙarfen. Ka buɗe ido ka dubi silin, ka ce, "Auta, ta tsaya. Duniya ta tsaya cik." Ba ka ƙara cewa komai ba. Ni da na share maka amai wata huɗu, na san jiri kake nufi.

Da na isa gida da labarin, Mama ba ta yi ihu ba. Ta kama zanena ta ce, "Me ya faɗa na ƙarshe?" Kaina ba ya tare da ni, na maimaita mata kalmominka yadda ka faɗe su. Yaya, da ka ga fuskarta. Ta zube a kan gwiwoyin da suka daɗe ba sa lanƙwasuwa, ta ɗaga hannu tana godiya, wai ɗanta ya tuba a bakin ƙofa. Matar da ta yi kwana shida ba ta iya haɗiye abinci ba, ran nan ta ci. Na buɗe baki in gyara zancen, na kasa.

Magana kuwa zarar bunu ce. Ta kai kunnen mai wa'azi, kuma ya aiko cewa ranar Lahadi in zo in tsaya a gaban jama'a in ba da shaida cewa Malam Ƙwallo ya janye koyarwarsa kafin ya cika. Matarka ta same ni a shago ta ce in na yi wa mijinta wannan ƙarya, ita da ni sai a lahira, kuma ba ta yi laifi ba. Na je wurin faston majami'arku. Ya ce ceto ta wurin alheri ne, ba a auna shi da abin da mutum ya sani game da ƙasa da rana, kuma shi ba ya shakkar inda kake. Na ce to ya zo ya faɗa wa Mama. Ya ce tsohuwa mai shekara tamanin ba ta jin wannan daga bakin baƙo.

In na faɗi gaskiya, na mayar da ɗanta cikin wuta a idonta, kuma ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. In na tsaya na ba da shaidar nan, na rushe aikinka na shekara talatin, na yi ƙarya a ɗakin Allah. Kai ne ka saba raba mana irin wannan gardama, ga shi ka tafi ka bar ni da ita. Jiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce yanzu ko gobe aka kira ta ba ta da damuwa, ta san za ta same ka. Na ce, "Za ki same shi, Mama." A duk makon nan, wannan ce kaɗai maganar da na faɗa mata da zuciya ɗaya.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurin da babu ciwo ba jiri. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da ta yi jinya ba ƙorafi, da 'ya'yanka uku, da abokan aikinka da ɗalibanka, da Mama wadda ta binne ɗan da ya kamata ya binne ta. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya haɗa mu a gaban Mai Ceto. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a. Jibi Lahadi, Mama ta riga ta sa an goge mata kayan da za ta sa, kuma ni ce zan riƙe hannunta mu hau matakalar nan.