Hannun Ige

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ƙafafun kakarmu Inna Hajo suka fara kumbura. Muna dai taruwa gindin murhunta a Ƙaura bayan isha'i, amma ta gaji da tatsuniya. Labari ɗaya take ta maimaitawa, na Baturen majigi.

Ta ce tana budurwa ya sauka daga jirgin ƙasa da akwati mai ƙafa uku. Hotonsa ba ya magana, shi ma bai cika yi ba. Ba ya son rawa, ba ya son a dubi akwatin. Sai ya zauna tun hantsi yana jiran rana ta sauka kan hannun mai aiki, sannan ya murza. Ya ɗauki fuskar Inna tana murmushi, ya ɗauki hannun ƙawarta Ige tana kaɗin auduga, ya tafi ya haɗa su. Da aka haska a bangon kasuwa, kowa ya ga Hajo tana fitar da zare siriri kamar gashi.

"Ni da zarena ke tsinkewa sau goma kafin azahar," in ji ta. "Mata suka yi ta guɗa. Ige na gefena, na yi shiru."

Na ce, "To ai Baturen ne ya yi ƙarya, Inna."

"Kai dai maigidan banza ne. Shi aikinsa bebe ne. Ni fa da bakina."

Tun daga ranar da aka haska majigin ake kiranta Hajo mai zare. Ige ta yi aure a Zurmi, ba su ƙara gaisawa ba. Sai da na girma na gane ba ciwon ƙafa ke hana Inna barci ba, tsoron tafiya lahira da haƙƙin wani ne.

Ta sa na rubuta wa Ige wasiƙa da ajami, muka ba direba. Bayan mako biyu Ige ta iso, ta ranƙwafa, tana dogara sanda. Inna ta tara matan unguwa, ta ɗaga hannun Ige sama.

"Wannan kuka gani a majigi, ba nawa ba."

Rabin matan ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin. Ige ta dubi Inna.

"Sai da hannun ya daina riƙe mazari, Hajo?" Ta sauke numfashi. "Na yafe. Matsa in zauna, hanya ta gajiyar da ni."