Dutsen Taimamar Baba a Kartaj

Kazaure zuwa Tunis

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Kazaure, ni da mahaifina, zuwa Tunisiya aikin ido. Shekara huɗu Baba yana ganin duniya dishi-dishi. Kafin Kano shinge uku muka tarar, kuma kowane ɗan sanda sai Baba ya tambaye shi ɗan gidan waye. Muka isa filin jirgi bakwai da kwata, raina ya riga ya ɓaci.

Aiki ya yi kyau. Likita ya kafa sharaɗi ɗaya: kada ruwa ya taɓa fuskarsa sai bayan mako biyu. Baba ya koma taimama. A masauki kuwa kullum kuskus da burodi mai tauri, kullum sai ya tambaye ni ko ba su san tuwo ba.

Kartaj

Ana gobe za mu dawo, mai masaukinmu ya ce kada mu tafi ba mu ga kufan Rumawa da ke Kartaj ba. Ƙarfe goma muka shiga jirgin ƙasa, rabin awa muka sauka. Ga teku, ga ginshiƙai a kwance, ga wani kewayayyen tafki da aka ce nan jiragen ruwa suke tsayawa a da.

“Binta, kufai kika kawo ni?” in ji Baba. “Ina masu garin?”

“Sun mutu tun tuni, Baba.”

Sai ya yi wa kango sallama da ƙarfi, Turawa suna kallonmu. Na yi kamar ba tare muke ba.

Da azahar ta yi na je neman ruwan alwalata, na bar shi a gindin wani ginshiƙi. Ashe ya tsinci guntun farin dutse ya yi taimama, ya jefa a aljihu saboda la'asar, kamar yadda yake yi a gonarsa ta Roni, kusa da Kazaure.

A bakin ƙofa mai gadi ya ga aljihun Baba ya kumbura. Ya zaro dutsen, sai ga sassaƙen ganye a jikinsa. Nan take aka karɓe fasfonmu, aka kai mu wani ɗaki. Wani jami'i ya ce satar kayan tarihi laifin ɗauri ne. Jirginmu kuma gobe tara na safe. Na tsorata sosai.

“Baba, duk duwatsun da muka baro a Kazaure?”

“Dutsen Allah ne. Wa ya haife shi?”

Awa uku muna zaune. Turancina bai yi amfani ba. Daga ƙarshe Baba ya juya ga jami'in da Larabcin da ya karanta a zaure, ya nuna idonsa, ya ɗora tafukansa kan dutsen ya shafa fuska. Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Ya kulle dutsen a aljihun tebur, ya fita waje, ya dawo da wani baƙin dutse na bakin titi.

“Ya Shaihu, wannan naka ne.” Ya miƙo fasfonmu.

Dawowa

Ban yi wa Baba magana ba har Kano. Sai da muka wuce Ɗambatta na kasa haƙuri.

“Baba, ga duwatsu birjik, me ya sa sai mai zane?”

Ya kalli gonaki ta taga.

“Na sunkuya ne, sai na ga ganyen. Har jijiyoyinsa na gani, Binta. Shekara huɗu ban ga ƙaramin abu ba. Na so in nuna wa mahaifiyarki.”

Na fasa faɗan da na tanada tun daga Tunis. Ƙarfe biyar na yamma muka shiga Kazaure lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Inna ta fito zaure da gudu. Baba ya tsaya yana dubanta, ya ce, “Ashe kin yi furfura.”