Ƙarfen da ke wuyan soja

Malam Siradji mutumin Tanut ne, shekararsa goma sha huɗu yana ci-rani a Sabha, zangon masu ratsa hamada. Da niyyar wata shida ya zo. Ya kama aikin hawan dabino a gonakin Zighan, har ranar da ya faɗo ƙugunsa ya goce. Daga nan ya koma sana'ar da ba mai yi masa hassada a kanta: wankan gawar baƙi. In an tsinci matafiyi a bayan gari, ba takarda ba dangi, shi ake kira. Ya wanke, ya suturta, mutum uku ko huɗu su yi salla, a kafa guntun bulo mai lamba. Aikin bai taɓa yankewa ba.

Kallon fim bai dame shi ba. Aski ne ya kai shi shagon Seyni a unguwar Abdulkafi wata Juma'a da hantsi. Ya tarar da layi, talabijin kuma na nuna fim ɗin yaƙi na Turawa. Sojoji kwance cikin taɓo, ana ta ruwan wuta, masu jiran aski na shewa duk lokacin da wani abu ya fashe. Shi gawarwakin yake dubawa, ya ga sun cika tsabta.

Sai wani soja ya faɗi. Abokinsa ya rarrafo, ya zura hannu a wuyansa, ya tsinko wani ɗan ƙarfe.

"Sata kuma a wannan hali?" in ji Malam Siradji.

"Haba Malam," in ji Seyni, almakashi na hannunsa. "Sunansa ne a jiki. Uwarsa za a kai wa."

Aka kuwa kai. Mutum biyu cikin kaki mai guga, har ƙofar gida. Uwar ta zube tana kuka.

"Wannan ta more," in ji Malam Siradji.

"Ɗanta ne fa ya mutu, Malam!"

"Ai ta sani."

Shekara uku ke nan da ɗansa Falalou ya biyo ta Sabha zai nufi teku ya tsallaka. Kwana biyu ya yi. Uban, da yake tsohon hannu ne, ya ba shi guzurin da ya fi ƙarfin dabino. Ya ce ya ƙona katin shaidarsa, don in an kama shi kada a san inda za a mai da shi. Ya goge lambobin wayar gida, don masu tsare mutane gida suke kira su jiyar da uwa ihun ɗanta. Ya kuma canza suna a kowane zango, kada ya faɗa wa kowa, har shi uban. Falalou ɗa ne mai jin magana. Bai bar ko ɗaya ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun daga lokacin, duk Juma'a uwarsa Habsatou kan bugo daga Tanut da tambaya guda: a yi sadakar ne, ko a ƙara jira?

Malam Siradji ya tashi ba a yi askin ba. Ya sa maƙeri ya yanka masa tsohon faranti gunduwa-gunduwa, ya huda kowacce, ya kai wani gida a unguwar Hajara inda matafiya ke jiran mota. Ya ce kowa ya faɗi sunansa da garinsu a buga masa a jikin ƙarfen, ya rataya.

Wani dogon mutum ya juya ƙarfen a hannu, ya miƙa masa abinsa cikin ladabi. "Baba, so kake mu sauƙaƙa wa masu tsare mutane? A hanyar nan mai hankali ba ya da suna."

Malam Siradji ya ce gaskiya ne.

Washegari ya ja ƙafa zuwa ofishin wata ƙungiya mai cigiyar waɗanda suka ɓata. Ma'aikaciyar, Safia, ta ba shi kujera da ruwa, ta buga "Falalou Siradji" a na'ura. Babu.

"Hajji, da wannan sunan ya yi tafiya?"

"A'a."

"To da wanne?"

Ya ce dogo ne, da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu, yatsan ƙafarsa ɗaya ya hau kan ɗaya. Duk mai wanka zai lura. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ba komai, ya dawo in ya tuna sunan.

Ya yi godiya.