Takardar da Ta Wanke Rabin Aski

Shekara talatin wani mai aski yana fama da ciwon da ba wanda ya yarda da shi. Yana tsakiyar aiki sai kansa ya sara, hannu ɗaya ya mutu, ya bar mutum a kujera da rabin kai. In ya shige bayan shago ya yi barci, sai ya tashi garau. Abin haushin, ciwon ba ya tsayawa gefe ɗaya.

"Jiya hagu, yau dama," in ji matarsa. "Maigida, ko ƙarya za ka yi, ka riƙe hannu ɗaya mana."

Unguwa ta laƙaba masa Rabin Aski. Ya haɗiye.

Sai ga jikarsa ta fara irin nasa sak. Ita kam aka kwashe ta sai asibiti, aka ɗebi jininta da na uwarta da na kakan. Likita ya ce kowace ƙwayar halittar jiki tana da ɗan famfo mai fitar da gishiri ya shigo da wani sinadarin. Tsarin ƙera famfon ne suka gada da kuskure, shi ke jawo ciwon, kuma daga kakan ya gangaro.

Mai aski ya sa takardar sakamakon gwajin a firam, ya rataye saman madubi, ya zauna jiran a ba shi haƙuri.

Matar ta zo, ta daɗe tana kallon takardar.

"To, mun yarda ba lalaci ba ne," ta ce. "Amma duk duniya ka rasa abin da za ka bar wa yarinyar nan sai wannan?"