Hajjo ta je awo da buhu

A unguwar Sharada, a shekarun da masaƙu da majemun fata suke aiki ba dare ba rana, babu matar ma'aikacin da ba ta san Hajjo mai ɗanwake ba. Doguwar mace ce, baƙa, mai wushirya, mai dariyar da ake jiyowa ta bayan katanga. Kafin jiniyar kamfani ta yi kukan tashi ta riga ta tsame tukunyar farko, ma'aikata su jingine kekuna a ƙofar gida suna miƙo kwano ta zaure. Ɗanwakenta ba shi da wani sirri sai yawan yaji, amma kada ka faɗa mata haka.

Sai dai ba ɗanwake kaɗai ya sa aka san ta ba. Duk amaryar da aka kawo unguwar daga ƙauye, da ta fara tofar da yawu tana ƙin ƙamshin miya, sai ta ga Hajjo a bakin ƙofarta da mayafi a kafaɗa, tana ce mata ta shirya, ranar Talata za su je awo. Kuma sai ta ƙara da cewa ban da ɗauko buhu. Amaren ba sa gane zancen buhun. Tsofaffin matan unguwa kuwa sai su kwashe da dariya, don a gabansu aka yi.

Hajjo 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ringim. Mahaifiyarta Zainabu, wadda kowa yake kira Inna Abu, ita ce ungozomar garin, rabin mutanen da suke zuwa masallacin Juma'a ita ta yanke musu cibiya. A ɗakinta Hajjo ta durƙusa ta haifi 'ya'yanta mata biyu, Atika da ƙanwarta, lafiya lau. Na ukun ne ya zo da gardama. Naƙuda ta yi tsawo, aka sha rubutu, aka sha jiƙo, daga ƙarshe yaron ya zo, namiji, ba rai. Babu wanda ya ɗora wa Inna laifi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Amma tun daga ranar, in aka aiko wata tana kan gwiwa, sai Inna ta ce ƙafarta tana ciwo, a kira wata. Ko barka ta je, daga bakin ƙofa take yi ta juya. Hajjo tana lura, kuma abin yana ci mata rai kusan kamar rashin yaron.

Shekarar da ta biyo baya mijinta Uwaisu ya samu aiki a wata masaƙa, ya kwaso su zuwa ɗakin haya a Sharada. Ɗakin da yake kallon nasu na Dorkas ne, mutuniyar Kagoro, matar Ishaya abokin aikin Uwaisu. Igiyar shanyarsu ɗaya, turminsu ɗaya, kuma Dorkas irin matan nan ne da ba a ɓoye musu ciki ko da na wata biyu ne. Ta zuba wa Hajjo ido har zani ya fara ƙin zagayowa, sannan wata rana suna wanke-wanke ta ce mata gobe ta shirya su je awo.

To, a garin su Hajjo awo ma'anarsa ɗaya ce: a je wurin mai hatsi ya auno dawa ko gero. Har ta ji daɗi, ta ce a ranta lallai Dorkas ta san inda ake samun mudu mai albarka a birnin nan. Da safe ta kakkaɓe buhu, ta ninke, ta saƙale a hammata. Suka shiga motar haya, kiya-kiya, suka sauka, suka shige wata babbar ƙofa. Maimakon ƙamshin hatsi sai warin magani, maimakon 'yan awo sai mata jere a kan benci, kowacce da ciki a gaba. Hajjo ta duba gabas ta duba yamma, ta raɗa wa Dorkas cewa ina mai dawar yake. Sai a lokacin Dorkas ta lura da buhun. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Maman Atika, ke za a auna, ba dawa ba."

Kafin Hajjo ta kai layin gaba labari ya gama benci. Wata ce da ta yi fushi ta koma gida, amma ita da aka ɗora ta a kan sikeli kamar buhun gyaɗa, cewa ta yi a gaya mata mudu nawa ta yi. Ma'aikaciyar da take duba su, Sista Lami, ta kwantar da ita, ta lalluba cikin, ta ɗauko wani ɗan ƙaho na ƙarfe mai kama da mazurari, ta kafa a cikin ta sa kunne. Ta matsar da shi wani gefen ta sake saurarawa, ta daɗe. Da ta ɗago sai ta ce biyu ne. Ta ce ɗaya ya kama hanya, ɗayan kuwa a gicciye yake, ta riƙa zuwa ana dubawa, kuma in lokaci ya yi, nan ya kamata ta zo ta haihu.

Uwaisu da ya ji, ranar bai iya cin tuwo ba don murna. Ya ce asibiti kam shi ne daidai, matan abokan aikinsa duk can suke zuwa. Amma da Hajjo ta tambaye shi wa zai gaya wa Inna, sai ya tuna tayar kekensa tana sacewa, ya fita. Mutumin da yake yini a gaban injin da zai iya cire masa hannu, surukarsa ce ba ya iya haɗa ido da ita.

Ana cikin haka saƙon Inna ya iso ta bakin wani direban garinsu. Ta ce a gaya wa Hajjo ta taho gida, ta share ɗaki, ta tara itacen wankan jego. Hajjo ta zauna a bakin murhu har wuta ta mutu. Ta gane abin da saƙon yake nufi. Tsohuwar da ta yi shekara biyu ba ta taɓa jariri ba ce ta yi ƙarfin hali, tana so ta sake gwadawa, kuma a kan 'yarta. In Hajjo ta ce ba za ta zo ba, asibiti za ta, ta faɗi abin da duk garin suka ƙi faɗa ke nan, cewa hannun Inna ne ya gaza. In kuma ta tafi, ta ɗauki rai biyu ta kai inda mota ba ta shiga da damina. Tana son uwarta, tana tsoron ɗakin nan, duka biyun gaskiya ne.

Sai ta aika cewa ba za ta iya jijjigar mota ba, Inna ta daure ta zo. Inna ta zo kuwa, da ƙullin kanwa da daddawa da kayan yaji, da sabuwar reza a takardarta, don a zatonta a ɗakin hayar za a haihu. Kullum Hajjo za ta ce yau zan gaya mata, kullum sai ta ga tsohuwar tana gyara ƙullinta tana 'yar waƙa, maganar ta maƙale. Har Talata ta zagayo.

"Inna, ku raka ni awo mana," in ji Hajjo, idonta a kan tsintsiya.

Inna ta hau faɗa. Wane irin maigida ne zai bar mace da ciki haihuwa yau ko gobe ta je awo da kanta? Birni ya lalata maza. Ta fizgi buhu daga bayan ƙofa ta ce ita za ta ɗauko a ka, Hajjo ko mudu ɗaya ba za ta taɓa ba. Dorkas tana tsaye a tsakar gida, ta cusa gefen ɗankwalinta a baki, hawaye yana zubo mata.

Da suka shige babbar ƙofar, Inna ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta dubi matan benci, ta dubi 'yarta, ta ce ashe nan ce kasuwar. Da ta san hanya da ta tafi, to ba ta sani ba, sai ta zauna a ƙarshen benci da buhu a cinya, fuska a murtuke. Hajjo ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta yi da-na-sanin dabarar.

Da layi ya zo kanta ta roƙi Sista Lami a bar tsohuwar ta shigo, ta gaya mata ungozoma ce. Sista ta russuna ta gaishe ta, ta kira ta Mama, ta yi aikinta Inna tana tsaye a jikin bango tana kallon silin. Da ta kafa ƙahon ta samu wurin, sai ta matsa gefe ta ce Mama ta zo ta ji. Inna ta ce ita ba ta saba da kayan Nasara ba. Sista ba ta ja ba, ta dai ci gaba da riƙe ƙahon. Can sai Inna ta gyara ɗankwali, ta fito da kunne, ta sunkuya.

Abin da ta ji kamar luguden mata ne daga wata unguwa mai nisa, ƙanana, da sauri da sauri. Sista ta matsar da ƙahon ɗaya gefen, ga wani kuma, nasa daban. Shekara talatin da wani abu Inna tana karɓar 'ya'yan mutane, ba ta taɓa jin ɗa ba sai ya faɗo ya yi kuka. Ta daɗe a sunkuye har Hajjo ta ji numfashinta a fatar cikinta. Da ta miƙe, tambaya ɗaya ta yi.

"In ya gaji a ciki, ana ji?"

"Ana ji, Mama, tun yana rage gudu. Sai mu yi sauri."

Inna ta gyaɗa kai. Suka koma gida. Sai da Uwaisu ya dawo daga aiki ya durƙusa yana gaishe ta, ta kwance ƙullinta, ta zaro sabuwar rezar ta miƙa masa, ta ce ya yi gyaran fuska da ita, gemun nan ya yi buzu-buzu. Sannan ta kafa sharaɗi: mabiya a ba ta a hannunta ta binne yadda ya kamata, wankan jego kuma nata ne, babu wata mai farar riga da za ta sa mata baki. Uwaisu ya yi ta cewa to, to, kamar an yafe masa laifi.

Naƙudar ta zo da hantsi, ana yayyafi, Uwaisu yana wurin aiki. Ishaya, da yake aikin dare yake yi, shi ne ya tare tasi. Ba a bar Inna ta shiga ɗakin haihuwa ba, ta zauna a benci ita da Dorkas, ɗaya da carbi, ɗaya tana addu'arta a cikin tafin hannu. Ta farkon ta zo da sauƙi, mace. Na biyun sai da aka kira likita ya juya shi, aka sha fama, amma kafin la'asar ya iso yana tsala ihu, namiji. Hassana da Husaini.

Da aka ce su shigo, Dorkas ta yi guɗa har aka tsawatar mata. Inna kuwa ta tsaya nesa da gado, hannuwanta a baya, ta yi barka, ta yi hamdala, ta shiga tambayar inda aka ajiye mabiya. Hajjo tana kwance, a gajiye liƙis, an ɗaura mata ruwa a hannu ɗaya, jariran suna gefenta. Ta dubi hannuwan nan da aka ɓoye a baya.

"Inna, hannu ɗaya gare ni yau. Ku karɓi namijin."

Inna ta goge tafinta a zani. Ta sake gogewa. Sannan ta matso, ta sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗaga shi, yaron ya buɗe baki ya callara kuka a fuskarta. Sai ga hawaye yana bin kumatun tsohuwar, ba ta ko share ba. Ta ce wace ce ta naɗe yaro haka ta bar masa kai a waje, ga sanyin damina, ta ja gefen mayafinta ta rufe shi, ta zauna a bakin gadon, ta ce wa Dorkas ta miƙo mata macen ma.