'Yan Tukunya Ɗaya

A Gulma muka tashi, ni da ƙanwata Hajo, a hannun kakarmu Inna Gado. Lokacin duk yankin nan jihar Sakkwato ne. Bayan isha takan hura wutar kara a tsakar gida, mu zauna. Ba ta labarin gizo. Nata na taurari ne.

Takan nuna Kaza da 'Ya'yanta ta ce, "Waɗanga yara na, shi as sa sunka cunkushe, ga su fari tas. Jajayen can tsohhi na, garwashi, irina." Sai ta watsa gishiri a wuta, harshen ya koma ruwan ɗorawa. Ta cusa guntun tagulla, ya yi kore. Ta dungure ni. "Maigidana, buɗe ido. Wuta ba ta ɓoye abin da tac ci."

Labarin gajere ne. Wai wata tsohuwa ce ke dafa wa taurari abinci, kowane gungu da tukunyarsa. Wasu ta sa musu gishiri, wasu kanwa, wasu tsatsar ƙarfe. In sun girma sai su watse. Ranar da ta fito neman 'yan tukunya ɗaya, ba ta tambayi kowa ba. Launi ta duba, ta tattara abinta.

Hajo ta ce, "Inna, in sun mance juna hwa?"

"Su mance. Abin da sunka ci ba ya mance su."

Shekarar da gulbi ya janye, shinkafa ta ƙone a fadama, baki ya fi abinci yawa. Aka ba wata gwaggonmu riƙon Hajo, ta tafi da ita. Gwaggon ta rasu, Inna ta rasu, labari ya yanke. Na yi sana'ar su a Argungu, na yi dako, na yi cigiya har na daina. Fuskarta ma ta ɓace mini.

Na fara furfura lokacin da na kai albasa Nasarawa, a Birnin Kebbi. Da magariba na tsaya wajen wata mai suyar kifi. Ɗanta na kuka. Ba ta lallashe shi ba. Ta ɗebi gishiri ta watsa a wuta, yaron ya yi shiru yana kallo.

Na ce, "Baiwar Allah, mi wutar tac ci?"

Ba ta ɗago ba. "Gishiri mana. Da tagulla ta, da ta yi kore." Sai hannunta ya tsaya.

Ban yi boko ba, ban san ko haka taurari suke ba. Abin da na sani, kifin ya ƙone a kasko, kuma ba wanda ya kula a cikinmu.