Katin da Raudatu Ta Ɓoye

Shekara tara Raudatu tana zaune a Sentul, wata unguwa a ƙasar waje, tun da ta biyo mijinta Kalilu da ya zo karatu. Ba mai yawan fita ba ce. Daga kicin sai sallaya, sai ƙofar maƙwabciyarta Kak Salmah, 'yar ƙasar, wadda ta riƙe mata hannu ranar da ta haifi autarta babu dangi kusa.

Ranar gasar muhawara ta makarantu, tana goge rigar babbar 'yarta Zuhra, sai ta ji kati a aljihu. Turancinta bai taka kara ya karya ba, amma ta gane sunan Nurin, 'yar Kak Salmah, wadda Zuhra za ta kara da ita.

"Zuhra, me kika rubuta a kan Nurin?"

"Ba komai lah, Umma," ta ce da salon maganar 'yan ƙasar. "Zan ce hujjarta wariyar launin fata ce. Malaminmu ya ce da na faɗa za ta rikice, alƙalai ma su ji nauyi."

"Ta zage ki ne?"

"Umma, ai ba a ma fara ba!"

Raudatu ta sake duban katin. Ba a fara ba, amma an riga an rubuta laifin. A garinsu wannan ƙazafi ake ce masa, kuma haƙƙin mutum Allah ba Ya yafewa sai mai shi ya yafe. Wariyar gaske ta san ta: ta ga kujerar kusa da ita a bas ta zauna wayam. Nurin kuwa a tire ɗaya suka tashi suna cin tuwo da Zuhra. Da Zuhra ta shiga wanka, Raudatu ta tura katin cikin jakarta.

A zauren gasar, Kak Salmah ta matso ta zauna gefen Raudatu, har da miƙo mata alewa. Raudatu ta kasa ɓarewa. Idan Zuhra ta haddace katin fa? Da wane ido za ta dubi matar nan?

Zuhra ta miƙe, ta yi magana, ta sa hannu a aljihu. Ta sake lalubawa. Babu katin. Ta ɗago ta nemo uwarta da ido. Raudatu ta ci gaba da jan carbi. Leɓen yarinyar ya motsa, sai ta haɗiye, ta kama wata hujjar, tana in'ina.

An kayar da su Zuhra.

Suka dawo gida, suka hau bene. A bakin ƙofa Zuhra ta tsaya.

"Na haddace shi fa, Umma."

"Na sani."

Can Nurin ta leƙo daga ƙofarsu da kofin gasar a hannu. "Zuhra, makan! Mama ta ce ku zo duka mu ci abinci."

Zuhra ta share ido da gefen hijabi, ta cire takalmi ta shiga gidan su Nurin.